ZARE: Sarkin Noma da aikin gayya a ƙasar Maiyama, sarautar da ake saye da kyauta

1/
Kwanakin baya hoton wani babban mutum ya yi ta yawo, an naɗa masa rawanin Sarkin Noma, ga 'yan rakiya ga manyan motoci. Wani abokina ya turo min yana dariya: "Wai shi Sarkin Noma mene ne aikinsa?" Na fara ba shi amsa sai na ga ta yi tsawo. Shi ne na ce bari in mayar da ita zare. Ku gyara zama. 🧵

2/
Ni ɗan wani ƙauye ne a ƙaramar hukumar Maiyama, jihar Kebbi. In ka taso daga Jega ka kama hanyar Koko da Yawuri, ta ƙasarmu za ka ratsa. Gero da dawa da wake a tudu, shinkafa a fadama, albasa kuwa maƙwabtanmu na Aliero sun riga kowa yin suna. Abin da zan kawo, wani daga bakin kakana na ji, wani na karanta, wani kuma a gabana aka yi.

3/
Bari in fara da wanda aka yi a gabana. Daminar 2020, makarantu na rufe saboda korona, ina gida. Ƙarshen Agusta zuwa Satumba ruwa ya zo. Duk ɗan Kebbi yana tuna wannan ambaliya. Shinkafar da ta kusa nuna ta kwana a ƙarƙashin ruwa, tun daga wajajen Argungu har Bagudo. Tamu ma ta tafi, ko tiya ɗaya ba mu ɗauka ba.

4/
A makon ne kuma zazzaɓi ya kwantar da babanmu. Geronmu na tudu ya nuna, tsuntsaye sun sa shi gaba, ga ruwa na neman ruɓar da shi a tsaye. Ni da ƙannena biyu ne kawai maza a gidan. Kuɗin 'yan ƙwadago babu, don duk abin da ke hannu an zuba shi a shinkafar da ruwa ya ci. Innarmu ta daina barci.

5/
Wata safiya bayan asuba muka ji sallama. Dattijon da ake kira Sarkin Noma a garinmu ne, da samari 17 a bayansa, kowa da magirbinsa. Wallahi ba mu aika masa ba. Ya ce wa innarmu ta dama fura kawai, in babu nono ko farau-farau ya isa. Kafin la'asar sun kwantar da geron. Da ya sha iska suka dawo aka yanke aka ɗaure.

6/
Da lokacin noman rani ya zo, shi ɗin dai ya buɗe rumbunsa ya auna mana irin shinkafar bara da ya ajiye. Ba takarda, ba sa hannu, ba mai tsaya mana. Sharaɗi ɗaya: abin da aka auna maka shi za ka mayar in ka girbe, ba ƙari. Gida takwas na sani da suka karɓa a shekarar.

7/
Na ce wa kakana: wannan mutum akwai kirki. Ya harare ni ya ce, "Abokina, ba kirki na ba, aikinai na. Rumbun Sarkin Noma rumbun gari na. Ran da duk yah hana, ran nan rawani yaf faɗi." Kanawa ku yi haƙuri da Hausarmu 😅 Abin da yake nufi: aikinsa ke nan, in ya ƙi yi to ba shi da sarauta.

8/
Wannan maganar ce ta sa na shiga tono. Ga abin da na gano a taƙaice: a tsarin da, tara hatsi kaɗai ba ya sa a kira ka Sarkin Noma. Sai ka tara, ka rabar a gaban jama'a, sannan ka yarda cewa daga ranar duk wanda damina ta kayar yana da haƙƙi a rumbunka. Sarautar bashi ce da gari yake binka har ka mutu.

9/
Mu koma tushe. A ƙasar Hausa kusan kowace sana'a tana da shugabanta: Sarkin Maƙera, Sarkin Fawa, Sarkin Aska, Sarkin Magina, Sarkin Ruwa a wajen masunta. Shi ke sasanta 'yan sana'ar, shi ke magana da bakinsu a fada, shi ake nema in aikin sarki ya taso. Yawancin waɗannan gado ne, ɗa ya gaji uba.

10/
Noma ya bambanta, don sana'ar kowa ce. Maƙeri manomi ne, malami manomi ne, mahauci ma haka. Saboda haka ƙungiyar manoma ba ta da rajista ko katin zama ɗan ƙungiya. Amma tana da tsari: Sarkin Noma a sama, dattawan manoma a kusa da shi, Sarkin Samari mai tattaro majiya ƙarfi, makaɗan noma, sai maƙeran da ke gyara kayan aiki.

11/
To yaya ake samun sarautar? Kalma ɗaya: DUBU. Mutum ya noma dami 1,000 na hatsi a damina ɗaya, a ƙirga a gaban shaidu. Ku tuna zamanin da ake magana: ba takin zamani, ba tarakta, ba maganin feshi. Sungumi ne, hauya, kalme, garma da ƙashin baya. Ɗan birni, dami ɗaya kawai ka ɗauka daga gona zuwa gida ka ji yadda wuyanka zai yi.

12/
Babu mai yin dubu shi kaɗai. Sai yana da gandu babba, 'ya'ya da ƙanne suna aiki ƙarƙashinsa. Sai Fulani sun zauna masa da shanu a gona da rani, su ci kara su bar masa taki. Sai samarin gari sun zo masa gayya a noman fari da maimai. Kun ga ke nan gumin mutane da yawa ne a cikin dubun. Daga nan haƙƙin gari ya samo asali.

13/
Wani Bafaranshe masanin al'adu, Guy Nicolas, ya daɗe yana bincike a tsakanin Hausawan Maraɗi, ya kuma rubuta yadda ake bikin dubu a can. Wanda ya cika dubu zai tara jama'a, a ci a sha, a yi kiɗa, ya yi ta rabon hatsi da dukiya. Da wannan rabon ake tabbatar masa da sunan Sarkin Noma. Mata ma suna da irin nasu, bikin kan ƙwarya, wanda ake zama Tambara da shi.

14/
Da na gaya wa kakana haka sai ya ce ai ba baƙon abu ba ne, shi ma ya ji irinsa daga iyayensa a nan ƙasarmu. Mai dubu yakan wayi gari bayan biki rumbunansa sun yi ƙasa sosai. A lissafin ɗan kasuwa asara ce. A lissafinsu kuwa ya sayi abin da ya fi hatsi daɗewa: suna, da kuma hannayen da za su zo masa baɗi.

15/
Na ce ya lissafa min ayyukan Sarkin Noma kamar yadda ya taso ya gani. Na farko, iri. Wanda yunwar bazara ta sa ya cinye irinsa, ko ya shuka ruwa ya ɗauke shukar ta ƙone, wajensa zai je. Duk manomi ya san cewa in ruwan shuka ya sauka ba ka da iri, shekararka ta tafi a kwana biyu ko uku. Rancen iri ceton shekara guda ne.

16/
Na biyu, abinci a tsakiyar damina. Wajen Yuli da Agusta ne yunwa ta fi cizo: tsohon hatsi ya ƙare, sabon gero bai nuna ba, ga aiki ya fi kowane lokaci nauyi. Mai gidan da rumbunsa ya ƙare yakan je da dare don kada a gan shi. A ba shi dami ɗaya ko biyu, kuma ba a jin maganar a bakin kowa. Rufin asiri yana cikin aikin.

17/
Na uku, sulhu. Rikicin iyakar gona, ɓarnar dabbobi, wane ya tare hanyar ruwa a fadama. Kafin magana ta kai gaban maigari ko alƙali, Sarkin Noma da dattawa suke zuwa su duba da idonsu, su ƙiyasta ɓarna. Na huɗu, baƙo. In maigari ya ba sabon zuwa fili, shi zai ba shi iri da ɗan abin da zai ci kafin kaka.

18/
Na biyar, wanda ya fi kowanne ƙayatarwa: gayya. Wasunmu a yau "gayya" a wajen biki kawai suka san ta, ko a ce wane ya yi gayyar soɗi 😂 Asalinta aiki ce. Ka kira mutane su taya ka aikin da ya fi ƙarfin gidanka, ba lada, sai abinci, da sanin cewa ranar da suka kira ka kai ma za ka je.

19/
Ga yadda ake yi. Mai gona ya kai goro wajen Sarkin Samari a sa rana. Daren jajibere mata su kwana surfe da daka. Da sassafe makaɗi ya fara buga gangar noma a bakin gari, kowa ya saɓo hauyarsa. A gona a jera sahu, kowa ya kama kunyarsa. Makaɗi na bayansu yana kiran kowa da kirarinsa da na ubansa.

20/
Kada ku raina kiɗan nan, shi ne man fetur ɗin aikin. Saurayi ya ji an ambaci sunansa, ga 'yan mata sun kawo fura suna kallo, ai ko bayansa zai karye ba zai yarda a wuce shi ba. Aikin mako biyu sai a tashe shi a wuni ɗaya. Alhaji Musa Ɗanƙwairo da muka sani da waƙoƙin sarauta, da kiɗan noma ya fara.

21/
Gayya iri-iri ce. Akwai ta mai hali, wanda zai yanka akuya ya cika mutane da tuwo. Akwai ta surukai, saurayi ya kwaso abokansa su nome gonar uban budurwarsa. Akwai ta gari: gyaran hanya, yashe rijiya, gyaran masallaci da maƙabarta. Sai kuma wadda ta fi shafar zancenmu, gayyar da ba mai gonar ne ya kira ba.

22/
Ita ce ake yi wa mara lafiya, da matar da mijinta ya rasu tana takaba, da marayu, da tsohon da ba shi da ɗa a kusa, da limamin gari. A nan Sarkin Noma ne ke kira, sau da yawa shi ke ba da hatsin furar. Irinta aka yi mana a 2020. Ban san sunanta tsohon tsari ba ne sai daga baya.

23/
Ba mu kaɗai ba ne. A nan Kebbi, mutanen ƙasar Zuru suna da golmo, inda samari ke haɗuwa rukuni su yi shekaru suna noma wa iyayen matan da za su aura. Zabarmawa suna da boogu. Yarabawa suna da owe da aaro. Duk inda noma ya dogara da hannu da ruwan sama na 'yan watanni, mutane sun gano cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

24/
Ina addini a ciki? Ƙasarmu tana ƙarƙashin masarautar Gwandu, ɓangaren da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya riƙe bayan jihadin da aka fara a 1804. Sarautar noma ta girmi jihadin, kuma a da tana haɗe da abubuwan gargajiya: yanka a gona, neman sa'a wajen iskoki irin su Uwar Gona. Malamai sun yaƙi wannan ɓangaren.

25/
Amma rabon bai mutu ba, sai ma ya samu sabon gindi. Musulunci ya zo da zakkar hatsi da lissafinta a fili: in amfani ya kai nisabi, wato awsuƙi 5, abin da ruwan sama ya shayar a fitar da kashi 1 cikin 10, wanda aka yi wa ban ruwa da wahala 1 cikin 20. Mai dami 1,000 ke nan dami 100 ba nasa ba ne tun kafin a yi zancen kyauta.

26/
Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sa kula da masu sana'a cikin ayyukan shugaba, manoma da maƙera da sauransu, tare da kwaɗaitar da jama'a su nemi abinci su kuma adana don gaba. Wato rumbun ajiya ba dabarar ƙauye ba ce kawai, har a littafin mulki an rubuta shi.

27/
Yanzu bari in faɗi ɓangaren da masu "zamanin da ya fi daɗi" ba sa son ji. Tsarin nan ba aljanna ba ne. Na ɗaya, manyan gandaye a ƙarni na 19 da yawa da ƙarfin bayi aka noma su. Wani dubun da aka yi wa kiɗa, waɗanda suka fi kowa duƙawa a kansa ba su da 'yancin cewa a'a, kuma babu makaɗin da ya kira sunansu.

28/
Na biyu, akwai gayyar sarki, noman gandun sarauta. Sunanta gayya amma in ka ƙi zuwa ka san sauran. Na uku, mai tuwo da nama shi ake fara yi wa, a daidai lokacin da noman ke da amfani. Talaka sai ya bar tasa gonar ciyawa na ci ya je ta mai hali, kafin a zo kansa lokaci ya wuce.

29/
Polly Hill, 'yar Ingila da ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina ta fitar da littafinta a 1972, ta nuna irin wannan rata a ƙauye guda: masu hali suna ajiye hatsi su sayar lokacin tsada, marasa hali suna sayarwa da arha a kaka sannan su koma ƙwadago. Na huɗu kuma, matan da suka kwana daka suka wuni a bakin murhu, su wa ya taɓa naɗa wa rawani?

30/
Duk da haka ga abin lura. Tsarin bai hana wani ya fi wani ba, amma ya ɗora wa wanda ya fi ɗin nauyi. Mai hali yana buƙatar hannun talaka a damina, saboda haka ba zai iya rufe masa ƙofa a bazara ba. Kowa yana riƙe da wani abu da ɗayan ke buƙata. Wannan igiyar ce ta riƙa tsinkewa zare-zare a ƙarni na 20.

31/
Turawa sun ci Sakkwato a Maris 1903. Babban canjin da ya shafi rumbu shi ne haraji. A da ana karɓar kaso mai yawa a hatsi, in damina ta yi kyau ya yi yawa, in ta ɓaci ya ragu. Sannu a hankali Turawa suka mayar da shi kuɗi tsaba, kuma ana nemansa a kaka, lokacin da hatsi ya fi arha. Dole ka sayar da abin da ya kamata ka ajiye.

32/
Sai ga 1913, ruwa ya ƙi. Yunwar 1914 da ta biyo baya, wadda ake tunawa da sunan Kakalaba a wurare da dama, ta kashe mutane masu yawan gaske a Arewa da Nijar. Aka sake yin wata a 1927, wata a 1942 da ake kira 'Yar Gusau. Michael Watts, wanda ya yi bincike a Kaita ta ƙasar Katsina, ya rubuta littafi guda a kan wannan a 1983.

33/
Hujjarsa ita ce fari daga Allah ne, amma yadda fari ke zama yunwa mai kisa yana da alaƙa da yadda aka raunana hanyoyin da mutane ke tallafar juna, irin su ajiyar hatsi da haƙƙin da talaka ke da shi a kan masu hali. Ya ambaci Sarkin Noma a cikin waɗannan hanyoyi. Da na karanta sai na ji kamar kakana ne ke magana da Turanci.

34/
Kakana ya ga farin 1973 da idonsa. Ya ce Sarkin Noman lokacin ya buɗe rumbuna har suka ƙare tun kafin sabon ruwa, daga nan shi ma ya bi layi kamar kowa. Nan ne iyakar tsarin: yana iya ɗaukar gida biyar ko goma da suka faɗi. In gari duka ya faɗi rana ɗaya, ba rumbun mutum ɗaya da zai ɗauka. Gaskiya ce, a faɗe ta.

35/
Bayan nan abubuwa suka taru. Gandu ya riƙa watsewa, kowane ɗa na son nasa. Gonaki suka ƙanƙance da rabon gado. Samari suka riƙa tafiya cin rani, wasu ba sa dawowa ko da damina. Ƙwadago ya maye gurbin gayya, don wanda za a biya kuɗi a hannu yau ba zai tsaya jiran ramuwar baɗi ba. Ba laifinsa ba ne, shi ma yana da buƙata.

36/
Sai maganin feshi da garmar shanu da injin ban ruwa. Alheri ne, ba na musu. Amma ku duba: mai hali yanzu da jarka biyu ta magani da yaro ɗaya zai kashe ciyawar da a da sai samari 30. Ba ya buƙatar hannun talaka kamar da. Wanda ba ya buƙatarka kuwa, kunyar hana ka ta ragu. Igiyar da na ce muku, nan ta fi tsinkewa.

37/
Gwamnati ta shigo da nata. Shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976, juyin noma na Shagari a 1980, sai bashin manoma na Babban Bankin Najeriya da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamba 2015. Na ƙarshen nan ya taimaka wajen sa shinkafar Kebbi a bakin duniya. Amma bashi ne, da takarda da wa'adi. Ba ya zuwa ƙofar gidanka da asuba don ya ji babanka na kwance.

38/
Maƙwabtanmu na Nijar sun gwada wata hanya. Seyni Kountché, da ya karɓi mulki a 1974 a tsakiyar fari, ya farfaɗo da samariya ya mayar da ita ƙungiyar matasa ta ƙasa, ana aikin gayya da sunanta. An yi ayyuka. Amma abin da aka ɗaura a jikin gwamnati, in gwamnatin ta kau yakan bi ta. Bayan rasuwarsa a 1987 samariyar ta yi sanyi.

39/
Sarautar kanta fa? Tana nan, har ta fi da yawa. Yau ana naɗa Sarkin Noma ga ɗan siyasa, ɗan kasuwa, babban ma'aikaci. Wasunsu manoma ne na gaske kuma suna taimako, ban ce duka ba. Tambayata ɗaya ce ga kowane mai rawanin: wa ya ƙirga dubunka, kuma in ruwan shuka ya sauka, ina ƙofar da mara iri zai buga?

40/
Abin da ke damuna ke nan. Sarkin Noman garinmu ya tsufa, da sanda yake zuwa masallaci. 'Ya'yansa suna birni. Bara da ya kira gayya don gonar wata mata mai marayu huɗu, mutum 6 suka zo, biyu daga cikinsu masu furfura. A 2020 mu 17 aka zo wa. In ya kwanta dama, ban san wanda zai kira ba, ban kuma san wa zai amsa ba.

41/
Ga ambaliya kusan duk shekara, ga tsadar taki, ga rashin tsaro da ya hana wasu sassan Arewa zuwa gona. Lokacin da muka fi buƙatar tsarin ne yake mutuwa a hannunmu. Muna da ƙungiyar ɗalibai, ƙungiyar matasa, ta tsofaffin 'yan aji, kowace da shugaba da sakatare da ma'aji da guruf na WhatsApp. Wace ce a ciki ta san gonar da ba a nome ba a unguwarsu?

42/
Ba na cewa mu koma hauya mu jefar da feshi. Abin ɗauka a tsohon tsarin uku ne, kuma ba sa buƙatar ganga. Ɗaya: a san gidajen da suka faɗi tun kafin su roƙa. Biyu: a zo a kan lokaci, don taimakon noma in ya makara da mako ɗaya ya zama gaisuwa. Uku: a ajiye iri a gari, a ranta, a mayar ba ƙari.

43/
Hutun da ya wuce mu tara muka gwada. Muka je wajen dattijon muka ce ya nuna mana gona ɗaya. Muka haɗa kuɗin magani da fetur ɗin injin, muka yi wuni biyu. Hannuna ya yi ƙanta har na kasa riƙe biro 😭 Ba wani abin a zo a gani ba ne, gona ɗaya ce. Amma matar ta ɗaure dawarta bana.

44/
Wanda duk ke da kaka ko tsoho a gida, don Allah in ka je hutu ka tambaye shi: wa ya taɓa yin dubu a garinku? Wace shekara aka yi gayya ta ƙarshe da makaɗi? Me ake kiran yunwar da suka gani? Ka ɗauka a wayarka. Yawancin wannan tarihi ba ya cikin kowane littafi, yana cikin kawunan mutanen da muke binnewa duk wata.

45/
Bari in rufe da irin shinkafar nan. Da muka girbe noman rani, babanmu ya auna abin da aka ranta mana ya ƙara tiya biyar na godiya, ya aike ni. Dattijon ya sa aka sake aunawa a gabana, ya ware biyar ɗin gefe. Ya ce, "Ɗana, wagga ba tawa ta ba. Ɗauki ka kai gidan wance, mijinta ya rasu ba ta da iri."

46/
Na ɗauka na kai. Ita ce matar da muka nome wa gona bana.

Abokina mai tambaya, ga aikin Sarkin Noma nan. 'Yan Jega, Aliero, Andarai, Mungadi, Sambawa, Karaye da sauran garuruwa, in naku tsarin ya bambanta ku faɗa mana yadda yake a wajenku. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya jiƙan magabatanmu.